Ina Ungulu Ta Shiga?



Da tambaya za mu fara, kuma muna so kowa ya amsa wa kansa tsakani da Allah: yaushe rabonka da ganin ungulu? Muna nufin ungulu mai rai, tana tsaye a kan rufin kwata ko tana jewa a sama, ban da ta hoto ko ta cikin waya. Mun sha yin wannan tambaya a majalisar mahauta da 'yan kara da direbobin da ke sauko da shanu daga Arewa, kuma kusan amsar ɗaya ce. Mutum zai yi shiru, ya ɗan ɗaga kai sama kamar zai hango ta, sannan ya ce, "Kai, wallahi an kwana biyu." 'Ya'yanmu da aka haifa a nan Kudu daga shekarar 2000 zuwa yau kuwa, da yawansu a cikin karin magana kawai suka san ta.

Duk wanda ya taso a Arewa a shekarun 1970 da 1980 ya san ba haka abin yake ba a da. Ranar kasuwa, tun kafin a gama feɗe saniyar farko sun jeru a kan katanga, sun takure wuya kamar tsofaffi a wurin zaman makoki. Mahauci na zazzage tumbi za su diro, suna tafiyar nan tasu ta tsalle-tsalle a tsakanin ƙafafun mutane kamar kajin gida. Ranar Babbar Sallah kuwa sai ka rantse duk ungulayen ƙasar a unguwarku suka yi Sallah. Ba wanda ke ƙaunarta, ba kuma wanda ke tsoronta. Idan aka ce wa mutum ungulu, an zage shi ke nan. Amma duba yadda ta cika mana baki. Muna cewa ungulu ba ta jewar banza, kuma makiyayin da dabbarsa ta ɓata ya san gaskiyar wannan, don sama yake kallo kafin ya bi sawu. Muna cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Idan aka cuce mu a ciniki mu ce an yi mana ungulu da kan zabo. Tsuntsun da ya shiga magana haka, ai kullum yana gaban ido ne.

Kakanninmu da suka sauko Kudu da fataucin shanu da goro, waɗanda suka zauna a Sabon Ibadan tun da aka kafa shi a 1916, da na Agege da sauran zango-zango, sun tarar da ita a nan ma. Yarabawa na kiranta igun, Ibo na ce mata udele, kuma kowannensu yana da nasa zantukan a kanta. Duk inda aka kafa kara aka buɗe mayanka, ita ce ma'aikaciyar farko da ke zuwa, ba tare da an ɗauke ta aiki ba.

Wadda muke magana a kanta ita ce ƙaramar nan ta cikin gari, mai launin ƙasa-ƙasa, mai siririn baki, wadda fuskarta ke ƙara ja idan ta fusata ko ana rububin abinci. Nauyinta bai cika wuce kilo 2 da ɗoriya ba. Tana da manyan 'yan uwa na daji waɗanda ba su cika kusantar mutane ba. Ƙungiyar IUCN, wadda ke riƙe da kundin halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ta sa wannan ungulu tamu cikin waɗanda ke cikin haɗari a 2011. A 2015 aka ƙara matsar da ita zuwa mataki mafi tsanani, wanda daga shi sai a ce ta ƙare a daji. Aji ɗaya ke nan da baƙar karkanda. Tsuntsuwar da muke kora da tsinken tsire!

Me ya cinye ta? Wani babban bincike da aka wallafa a 2016, wanda wata masaniya mai aiki a Kenya, Darcy Ogada, ta jagoranta, ya tattara rahotannin mutuwar ungulaye fiye da 7,000 daga ƙasashen Afirka 26. Kashi 61 cikin 100 guba ce ta kashe su. Kashi 29 kuwa an kashe su ne don a sayar da sassan jikinsu ga masu magani da tsibbu. Mafi yawan ragowar, wayoyi da turakun lantarki ne. A kudancin Afirka, ɓarayin hauren giwa kan zuba guba a gawar giwar da suka harbe, don kada jewar ungulaye ta tona musu asiri wurin ma'aikatan gandun daji. A Botswana, a watan Yunin 2019, ungulaye 537 suka mutu a irin wannan tarko guda. Wato har ɓarawo ya san ungulu ba ta jewar banza.

Mu a Afirka ta Yamma, kasuwa ce babbar matsalar, kuma a nan ne maganar ta biyo ta ƙofar gidanmu. Masu binciken da suka zagaya kasuwannin magani na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya sun samu cewa kusan kashi uku cikin huɗu na gawarwakin ungulu da dangoginta da suka ƙirga a Nijeriya suke, sai Jamhuriyar Benin ke biye. Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu kayan magani a kasuwar Bode a Ibadan, waɗanda Yarabawa ke kira lekuleja, ko ya leƙa ɓangarensu a Dantokpa ta Kwatano, ya ga abin da idonsa: busasshen kai, ƙafa, fiffike, wani lokaci tsuntsuwar sukutum. Masu saye na neman ta don sa'a, ko cin caca, ko farin jinin kasuwa, ko maganin farfaɗiya da taɓin hankali. Wasu sun yarda cewa tunda tana hango mushe daga nesa, wanda ya yi amfani da kanta zai hango abin da ke ɓoye. Irin wannan ciniki yana nan a kasuwannin Arewa ma, a shimfiɗar magori.

To daga ina kayan ke zuwa? Binciken da aka yi a kasuwannin Arewa, wanda aka wallafa a 2013, ya nuna cewa tun a lokacin ungulun gida ta yi ƙaranci, har 'yan kasuwa na ɗauko ta daga ƙasashen maƙwabta irin su Nijar da Chadi da Kamaru. Waɗanda suka yi nazarin kasuwannin ƙasar Yarabawa kuma sun rubuta cewa 'yan Arewa na cikin manyan masu kawo musu kayan. Mun san wannan magana ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Mu ma da muke zaune a ƙasar mutane mun gaji da jin an ɗora mana laifin duk abin da ya lalace. Amma hanya ɗaya ce daga Maiduguri ko Illela ko Maigatari zuwa bakin teku, kuma mun san masu bin ta dare da rana. Buhu ɗaya a ƙarƙashin albasa, kwali ɗaya a bayan kujerar direba an ce saƙo ne, wa zai bincika? Sau da yawa shi kansa direban bai san abin da ya ɗauko ba.

Yadda ake kama ta ma abin dubawa ne. Wanda aka ba kwangilar kai goma ba zai zauna yana ɗana tarko ɗaya bayan ɗaya ba. Nama zai samo, ya barbaɗa masa maganin ƙwari na gona, ya ajiye a fili. Ita kuwa ungulu ba ta ci ita kaɗai. Ɗaya na sauka sauran sun gani daga nesa, kafin ka ce kwabo sun taru. A ƙasar Gini Bisau, a farkon 2020, an tsinci gawar ungulaye fiye da 2,000 a yankunan Bafata da Gabu, irin tamu ɗin nan ta cikin gari, da yawa an sare musu kai. Ba a taɓa samun rahoton kisan ungulu mai yawan wannan ba. Sannan ga wani abin da mai saye ba ya tunani: kan da ya biya kuɗi ya saya don neman lafiya, na tsuntsuwar da guba ta kashe ne, shi kuma zai daka ya sha ko ya yi hayaƙi da shi.

Wani zai ce ai tsuntsu ne, zai hayayyafa. Da zabuwa ce da mun yarda, don ita a damina ɗaya sai ta cika kwando da ƙwai. Ungulu ƙwai ɗaya tak take yi. Ita da mijinta su yi kusan mako bakwai suna kwanci a kai, ɗan ya yi wata uku zuwa huɗu kafin ya tashi, bayan ya tashi ma sai sun ci gaba da ciyar da shi na wasu watanni. Kuma sai ya yi shekaru kafin shi ma ya fara haihuwa. Idan aka kashe uwa a lokacin kwanci, an kashe biyu. Idan aka zuba guba aka kashe hamsin a yini ɗaya, an share abin da garin zai yi shekara da shekaru bai mayar ba.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi shafar tukunyarmu, don mun san akwai mai karantawa yana cewa, "Ana fama da tsadar shinkafa, ku kuna kukan ungulu." Mu mutanen nama ne. Daga mai saye a ƙauye, zuwa dillali, zuwa mahauci, zuwa mai tsire a bakin titi, zuwa mai ƙona ganda, dubban gidajenmu a Kudu da dabba suke ci. Kuma duk inda dabba take akwai mushe. Wace tirela ce ke tasowa daga Potiskum ta iso Legas kullum ba tare da wata ta galabaita ba? Wadda aka samu yankawa an yanka, wadda ta riga ta mutu sai a ja ta gefen hanya ko bayan kara. A da, kafin rana ta faɗi an bar ƙashi da fata. Allah Ya yi wa ungulu ciki mai tsananin tsami, wanda ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama, cutar ta tsaya a nan. Yau wannan mushen sai ya kwana uku yana kumbura, ƙudaje na tashi daga kansa suna sauka a kan tebur, ruwan sama ya wanke shi zuwa kwalbati da rijiya. Masu zuwa ci kuma karnuka ne da ɓeraye, su kuwa gidajen mutane suke komawa.

Ba hasashe muke yi ba, an ga wannan a Indiya. A shekarun 1990 masu shanu a can suka rungumi allurar daikulofenak, maganin ciwon jikin nan da kowa ya sani a kemis, suna yi wa dabbobinsu. Duk ungulun da ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurar ba da daɗewa ba, sai ƙodarta ta lalace ta mutu. Cikin shekaru kaɗan nau'i uku na ungulayen ƙasar suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Sai a 2006 gwamnati ta hana amfani da maganin ga dabbobi. Kafin nan mushe ya taru, karnukan titi sun yawaita, ga ciwon haukan kare, ruwan sha ya gurɓace. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun wallafa bincike a 2024 inda suka ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 a Indiya tsakanin 2000 da 2005. Ko da mutum ya ce lissafin masana ne ya raba shi biyu, abin da ya rage ya isa ya hana barci. Mu lura kuma, an gwada an ga wannan magani yana kashe babbar ungulun dajin Afirka mai farin baya, alhali akwai wani mai suna meloksikam da ke yin aiki iri ɗaya ba tare da ya cutar da su ba. Masu yi wa shanu allura da kansu a kara, ga abin tambayar likitan dabbobi.

Mun kuma tuna 2023, lokacin da gwamnatin tarayya ta gargaɗi jama'a game da cin ganda saboda cutar antiraks, sannan a watan Yuli aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a yankin Suleja. Wa ya fi jin jiki a 'yan makonnin nan? Masu sana'ar nama. Haka a 2019, da aka wayi gari aka ga gomman ungulaye a mace a kasuwar Eke Ihe da ke Awgu a jihar Enugu, hankalin jama'a kan naman kasuwa ya fara komawa. A ƙasar da jita-jita ke gudu fiye da mota, kuma baƙo ne ake fara nunawa da yatsa, duk abin da ya taɓa amincin nama ya taɓa zamanmu lafiya.

Gaskiya ba guba da kasuwa kaɗai suka kore ta ba. Ungulu a kan dogon itace take sheƙa, rimi ko giginya ko kuka ko tsohuwar tsamiya, kuma takan koma sheƙa ɗaya shekara bayan shekara. Ina itatuwan suke yanzu? An yi katako, an yi gawayi, an yanka filin an yi shaguna. Sannan ita kanta kwata ta canza. Wani dattijon mahauci ya ce mana, "Ku yara, ko ta dawo me za ta ci?" Da gaskiyarsa. A da jini da ƙazantar tumbi da guntayen fata zubarwa ake yi. Yanzu jini na da mai saye, ana dafa shi a shanya don abincin kaji da kifi. Ƙashi na da mai saye, ƙaho na da mai saye, fata ta zama ganda. Wannan ba abin zargi ba ne, neman halak ne, kuma tsabtace mayanka abu ne mai kyau. Sai dai ya sa 'yan kaɗan ɗin da suka rage suna cikin yunwa, mai yunwa kuwa shi ya fi saurin faɗa wa naman da aka barbaɗa wa guba.

Akwai maganar da ba za mu tsallake ba, ta mai kamawa. Yawanci talaka ne a ƙauye, wanda kuɗin ungulu ɗaya ya ninka masa kuɗin kaza sau da yawa. Idan ka ce masa ya bari, zai tambaye ka abin da zai ba yara. Ba mu raina wannan tambaya ba. Amma mu duba tsarin cinikin: tsadar nan da ke jan hankalinsa, ƙarancin tsuntsuwar ne ya kawo ta, kuma duk wadda ya kashe yana ƙara matso da ranar da ba zai samu ko ɗaya ba. Shi ne ke taɓa guba da hannunsa, shi ne zai kwana a hannun hukuma idan aka kama, babbar ribar kuma tana wurin na ƙarshe da ke zaune a rumfa. Dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa tana nan tun 1985, an ƙara tsananta tararta a 2016, kuma hukumar NESREA da jami'an kwastan na da hurumin kama kayan. Kasancewar an daɗe ana wucewa ba a kama ba, ba ya nufin direban da tsautsayi ya faɗa wa zai tsira da motarsa.

Game da masu magani, a ganinmu zagi ba zai kai ko'ina ba. Gidauniyar NCF, mai kula da muhalli wadda hedikwatarta ke Lekki a Legas, ta ɗauki hanyar zama da ƙungiyoyin masu maganin gargajiya, ana tattauna itatuwa da saiwoyin da su da kansu suka ce suna iya maye gurbin sassan ungulu. Ko mutum ya yarda da irin wannan magani ko bai yarda ba, wannan dabara ta fi wa'azi daga nesa, don mai sana'a ya fi jin maganar ɗan uwansa mai sana'a. A Jos kuma akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI, inda ake horar da matasan Afirka ta Yamma har zuwa digiri na biyu. Yaranmu masu karatun kimiyya da ke ganin daga likita sai injiniya, ga wata ƙofa.

Abin da ke hannunmu bai kai girman matsalar ba, amma ba ƙarami ba ne. Muna da abin da ma'aikacin gwamnati ba shi da shi: a kowane zango akwai Sarkin Hausawa, a kowace kwata akwai Sarkin Fawa, a kowace tasha akwai shugabannin direbobi da 'yan kamasho, kuma idan suka ce ba a ɗaukar kaya kaza, ba a ɗauka. Mun ga yadda ake hana lodin dabbar da ake zargin ta sata ce, magana ɗaya ake yi ta zauna. Idan iyayenmu sarakuna da shugabannin tasha suka sa ungulu, mai rai ko busasshiya, cikin kayan da ba a lodi, suka ce duk kwalin saƙo sai an buɗe a gaban mai shi, hanyar za ta ƙuntata sosai. Muna roƙonsu da girmamawa su sa wannan cikin ajandar zama na gaba.

Sauran kuma na kowa ne. Wanda karnuka suka dama a bayan kara, kada ya zuba guba a nama ya ajiye a fili, don ba ya zaɓen wanda zai ci, har da akuyar maƙwabci da shirwa da shaho. Dabbar da ta mutu ba a san dalili ba, ko wadda ta mutu ana cikin yi mata allurai, a binne ta da zurfi ko a ƙona, kada a feɗe. Idan akwai dogon itace a kara ko bayan masallaci da aka san suna kwana a kai, a bar shi ko da mai katako ya yi tayi mai tsoka. Idan kuma aka wayi gari aka ga ungulaye a mace wuri ɗaya, kada yara su taɓa, kada a bar kowa ya kwashe, a kira likitan dabbobi na ƙaramar hukuma tun kafin labari ya riga gaskiya isa gari.

Asabar ta farko a watan Satumba ita ce ranar da aka ware wa ungulu a duniya. Kafin ta zagayo, muna so 'yan uwa na Legas da Ibadan da Shagamu da Benin da Anaca da Fatakwal da Kalaba, duk wanda har yanzu yake ganinta a inda yake, ya gaya mana garin, da ko guda nawa ya ƙirga, da irin itacen da suke kwana a kai. Direbobi kuma ku lura mana da hanya, daga Jebba ko Lakwaja zuwa inda kuke sauke kaya. Ainihin wurin sheƙa dai kada a rubuta shi a fili, don ba mu san duk mai karantawa ba.